Tarko ko ma'auni? Matsayin kalmomi wajen karɓuwar tarkon ƙwari a gonakin Agye, Gazawa da Gidan Runji

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba tarkunan da ake ɗanawa a gona domin sa ido ga ƙwarin da ke ɓata amfani, da dalilan da ke sa su zauna ko su kasa zama a hannun manoman jihar Maraɗi. Bayan bayani a kan ƙwarin da kuma aikin tarkunan, mun ɗauki kalmomi biyar na Faransanci waɗanda ba a rabuwa da su a takardun horo, muka auna fassarar da aka saba yi masu da Hausa. Ra'ayinmu shi ne wani ɓangare na abin da ake kira ƙin karɓa daga wajen manomi, daga bakin tafinta yake farawa.

1. Gabatarwa

Wata shekara an kawo mana wata ƴar takardar horon manoma da Faransanci, aka nemi mu mayar da ita Hausa. Ko'ina muka tarar da kalmar « piège » sai muka sa tarko, ba tare da wani dogon tunani ba, tun da haka ƙamus ya ce. Ranar da aka karanta fassarar a wani ƙauye, wani dattijo ya tambayi tarko nawa za a ba kowane mai gona. Da aka ce masa guda ɗaya ne na garin gaba ɗaya, sai ya yi dariya, ya ce ashe ƙwarin bana ba su da yawa. Malamin gona ya ɗauka gatse ne. Mu kuwa mun koma gida da sanin cewa dattijon ya fahimci Hausarmu sarai, fassarar ce ta faɗa masa abin da takardar asali ba ta faɗa ba.

Mu ba masana ƙwari ba ne, kuma abin da za mu kawo game da rayuwar ƙwarin daga aikin masu wannan fanni muka samo shi. Namu shi ne harshe. Batun ya ƙara nauyi tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, domin takardun fasaha da za a riƙa fassarawa za su ƙaru, kuma kalmar da ta riga ta shiga takarda da rediyo tana da wuyar fitarwa.

2. Yankin da ake magana a kai

Agye da Gazawa suna gabas da birnin Maraɗi, bisa babbar hanyar da ta nufi Tasawa da Damagaram. Gazawa a cikin gundumar Agye take har shekarar 2011 da aka ba ta tata gundumar. Gidan Runji tana yamma maso arewa, kuma a cikinta Tibirin Gobir take. Ruwan sama a nan yakan kama daga milimita 400 zuwa 600 a shekara. Hatsi shi ne abin noma na farko, ana haɗa shi da wake, sai dawa da gyaɗa da riɗi da aya. Masara kaɗan ce, ana samun ta a fadamun gulbi da bayan gida. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, sun kuma manne da juna, ta yadda ƙwaron da ya tashi a gonar wani ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya sauka a ta maƙwabci.

Ba za a ce mutanen wannan yanki ba su karɓar sabon abu ba. A nan ne dabarar barin sabbin tsiron itatuwa a gona ta yi ƙarfi tun daga shekarun 1980, har ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kanta. A nan ne kuma buhun PICS mai ruɓi uku na ajiyar wake, wanda aka fara yaɗawa a 2007, ya shiga kasuwa. Waɗannan biyun suna da hali ɗaya: mai gona yana ganin amfaninsu da idonsa, a cikin gonarsa ko a cikin ɗakinsa. Tarkon sa ido ba ya da wannan hali, kamar yadda za mu gani.

3. Ƙwari uku

3.1 Murzuna

Murzuna (Heliocheilus albipunctella) ita ce tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, tana barin wani zane mai kewayawa kamar an murɗa igiya a jikin zangarniyar. Ta zama annoba a Sahel bayan farin 1972 zuwa 1974, kuma a mummunar shekara hasarar da take jawowa tana iya kaiwa kashi 85 cikin 100. Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Kimanin wata guda bayan ruwan shuka, ƙwaro mai fukafukai yana fitowa daga ƙasa, yana yawo da dare, tamatar tana zuba ƙwai a kan zangarniyar da ta fara fitowa. Cikin kwana 3 zuwa 5 ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta yi kusan wata tana ci, sannan ta sauka ta shige ƙasa ta kwanta har damana mai zuwa.

Feshin magani ba ya cika yi mata komai, saboda tana ɓoye cikin zangarniya, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai gonar hatsi. Hanyar da ta yi tasiri ita ce sakin wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda tamatarsa ke harbin tsutsar ta shanye, ta zuba ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta. An fara gwada wannan a Sanagal cikin shekarun 1980. Daga 2006 shirin GIMEM, da tallafin gidauniyar McKnight, ya yaɗa shi a Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma cibiyar INRAN ta Maraɗi tana cikin jagororin aikin, tare da masana irin su Ibrahim Baoua da Malick Ba. Ana zuba hatsi da gari a ƴan buhunan algarara, da tsutsar wani ƙwaron hatsin ajiya a matsayin abinci, da tamata masu ciki, a rataya buhu 15 a kewayen gari. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna ƙarin amfanin gona na kashi 34 cikin 100 a inda aka yi sakin. Sai dai ƙwaron ba ya jure rani da yawan da zai isa, don haka kowace damana sai an sake, kuma sai an dace da lokaci. A nan ne tarko ke shigowa.

3.2 Tsutsar kara

Tsutsar kara (Coniesta ignefusalis) tana huda karan hatsi ta ci cikinsa, zuciyar shukar ta bushe ko karan ya karye. Ita ba a ƙasa take yin rani ba, a cikin busasshen kara take yinsa, wato a cikin danni da rumbu da rufin ɗaki da karan da aka tara wa dabbobi. Shi ya sa gonakin bakin gari suka fi shan wahalarta. Cikin shekarun 1990 Ousmane Youm na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, tare da masana daga Ingila, suka haɗa ƙamshin da tamatar ke fitarwa, suka kuma ƙera tarko da kayan da ake samu a kasuwa: faranti na alminiyom, da ruwa, da ɗan mai a kan ruwan, da murfi mai yin inuwa.

3.3 Sabuwar tsutsar masara

Ta uku baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, sunanta Spodoptera frugiperda. A farkon 2016 aka fara ganin ta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, kuma cikin shekara biyu ta game kusan dukan ƙasashen kudu da Sahara, har da Nijar. Tana shiga cikin zuciyar masara ta ci, tana kuma taɓa dawa. A 2018 hukumar FAO ta fito da tsarin FAMEWS, wanda ya haɗa tarkon roba mai kamar bokiti da manhajar salula da ake shigar da ƙidaya a ciki.

4. Abin da tarkon ke yi

Tarkuna iri biyu ne suka shafe mu. Na farko tarkon fitila, wanda haske ke janyo ƙwarin dare zuwa gare shi. Shi ake yi wa murzuna, domin a wurinta namiji ne ke kiran tamata da ƙarar fukafukansa, ba a kuwa da wani ƙamshin da za a sa mata a tarko. Tarkon fitila yana buƙatar wuta, kuma ba ya zaɓe: da safe za a tarar da ƙwari iri-iri a cakuɗe, sai wanda ya san kamanninsu ya ware. Na biyu tarkon ƙamshi, wanda ake yi wa tsutsar kara da ta masara. Shi yana zaɓe, amma maza kaɗai yake kamawa, kuma ɗan robar da ke ɗauke da ƙamshin yana sanyi bayan ƴan makonni, sai an sake wani, wanda daga waje ake shigo da shi.

Duka biyun abin da suke bayarwa shi ne lamba. Idan ƙidayar safiya ta tashi daga biyu zuwa ashirin, ta kuma ci gaba da hawa, an san cewa iyaye sun fito, ƙwai na tafe, tsutsa za ta bayyana nan da kwanaki kaza. Da wannan ne za a san ranar rataya buhuna, ko ranar shiga gonar masara a duba ganye. Ƙwarin da suka mutu a farantin ba su rage komai daga dubban da ke yawo a dawa ba. An dai gwada jera tarkunan ƙamshi da yawa domin rage mazan tsutsar kara, amma wannan wani aiki ne dabam, mai buƙatar kaya masu yawa.

5. Kalmomi biyar

5.1 « Piège »

A Hausa tarko da haƙo suna tafiya da wasu aikatau da ba su rabuwa da su:

(1) a. Ya ɗana tarko.
b. Tarko ya kama kurciya.
c. Ɓera ya faɗa tarko.
d. Tarkon nan ba ya kamu.

A cikin duka misalan abin da aka kama shi ne bukata: ko dai nama ne za a ci, ko ɓarna ce aka kawar. Da yawan kamu ake auna kyan tarko, kuma (1d) hukunci ne a kan tarkon. Ga mai sa ido kuwa, farantin da ya kwana bakwai babu ƙwaro ko ɗaya ya yi aikinsa cikakke, tun da ya ba da labarin cewa lokaci bai yi ba. Wanda aka ce wa ga tarko, ya ga mako guda babu kamu, zai ce kayan banza ne. In kuma ya ga kamu ya yi yawa amma murzuna ta ci gonarsa, zai ce tarkon ya gaza. Ta kowace fuska kalmar ta yi alkawarin da kayan ba zai cika ba. Faransanci ma yana da wannan nauyi a cikin « piège », sai dai malamin gona ya koyi ma'ana ta biyu a makaranta, shi kuwa manomi da ta farko kaɗai aka bar shi.

Shawararmu ita ce a koma ga tsarin sunayen kayan aiki masu ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, irin su mabuɗi da magirbi da ma'auni. Ma'aunin ruwan sama sananne ne a karkara, kuma da damana rediyo na faɗin milimitan da aka samu gari-gari. Babu wanda ke jiran ma'aunin ruwa ya kawo ruwa ko ya tsayar da shi, kuma ranar da ya wayi gari a bushe ba a cewa ya lalace. In aka ce ma'aunin ƙwari, duk wannan sani yana biyo kalmar kyauta. Aikatau ɗin da za su raka shi su ma sun sauya:

(2) a. An kafa ma'aunin ƙwari a gabas da gari.
b. Yau ma'auni ya nuna goma sha biyu.

Inda aka ga dole a riƙe tarko, to a ɗaure shi da abin da zai rage masa alkawari, a ce tarkon ƙidaya. A bar tarko tsurarsa ga aikin kamu mai yawa da muka ambata a ƙarshen sashe na 4.

5.2 « Papillon » da « chenille »

Wannan ita ce matsala mafi zurfi. Abin da ke cin zangarniya tsutsa ce, abin da ke faɗawa faranti kuwa mai fukafukai ne. Hausa tana da tsutsa, tana da harɗaɗɗen sunan nan malam-buɗe-littafi, amma babu abin da ke cikin sigar kalmomin biyu da ke nuna cewa halitta ɗaya ce a matakai biyu. Malam-buɗe-littafi kuma abin rana ne, mai ado, wanda yara ke bi. Ba a san shi da ɓarna ba. Uwar murzuna da dare take fita, launinta na ƙasa-ƙasa ne, kuma tsakanin shigar tsutsa ƙasa da fitowar mai fukafukai akwai wata tara ko goma, a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani. Ba abin mamaki ba ne mutum ya yi shekara arba'in yana noma bai haɗa su ba. Idan tafinta ya ce tarkon yana kama malam-buɗe-littafi domin a yi maganin murzuna, jumlar daidai take a nahawu, amma a kunnen mai sauraro babu abin da ya haɗa farkonta da ƙarshenta.

Mai karatu ya lura mun riga mun yi amfani da maganin da muke ba da shawara, wato uwar murzuna. Hausa ta saba da aron kalmomin dangantaka domin nuna asali, kuma mahaɗin -r yana ɗaure sabon abu da wanda aka riga aka sani. Matakan huɗu za su zama kamar haka:

(3) ƙwan murzuna, murzuna, murzuna mai kwanci, uwar murzuna

Ga mataki na uku, misalin gaiwa ya isa: kowa ya san tana shigewa cikin laka in tabki ya ƙafe, ta fito in ruwa ya dawo. Haka kuma za a ce uwar tsutsar kara, uwar tsutsar masara. Akwai ƴar matsala ɗaya: tarkon ƙamshi maza yake kamawa, don haka a can iyayen tsutsa ya fi dacewa da uwa. Game da rubutu, a ƙasar Gobir za a ji uwam murzuna, inda mahaɗin ke rikiɗa ya zama baƙin da ke biye, kamar yadda ake jin hwara a maimakon fara. A takarda a bi ƙa'idar rubutu ta 1999, a baki kuwa a bar kowa da karin harshensa.

Wannan hanya tana taimakawa wajen ƙwaron buhu ma. Wanda ya taɓa fasa ɗan ɗakin laka na zanzaro ya ga tsutsotsi a sume a ciki, ya riga ya san yadda Habrobracon ke aiki. A ce ɗan zanzaron murzuna, bayani ya ragu da rabi.

5.3 « Phéromone »

Abin da aka fi ji a bakin masu fassara shi ne magani. Kalmar tana da faɗi ƙwarai, daga na asibiti har na bori, amma a gona maganin ƙwari yana nufin abin feshi mai kisa. Da zarar an kira ɗan robar nan magani, abu biyu na biyowa. Na ɗaya, ana jiran ya kashe ƙwarin gonar. Na biyu, ana jin tsoronsa kamar guba, alhali ba guba ba ne. Gaskiya ne wasu tarkunan bokiti suna da wani ɗan ƙyalle mai guba a ciki domin kashe abin da ya faɗa, kuma wannan ne ya cancanci sunan magani. In an kira su biyun da suna ɗaya, ba a san wanda za a kiyaye yara daga gare shi ba.

Hausa ta raba wari da ƙamshi, na farko yana kora, na biyu yana janyowa. Ƙamshin tamata ya faɗi abin da ake nufi daidai: ya nuna dalilin da ya sa maza kaɗai ke zuwa, ya kuma nuna cewa abin zai gushe, tun da kowa ya san turare yana sanyi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin tarkon da aka bari da tsohon ƙamshi yana nuna sifiri, a ɗauka lafiya lau, ga kuwa ƙwari cike da gona.

5.4 « Seuil d'intervention »

Ma'anar ita ce adadin da in ƙidaya ta kai shi, ɗaukar mataki ya fi bari riba. Iyaka tana nuna inda abu ya ƙare, alhali nan inda aiki ke farawa ake nufi. Akwai kalmar da ke ɗauke da wannan ma'ana gaba ɗaya, kuma kowane mai rumbu ya san ta: nisabi. A zakkar hatsi, abin da bai kai wusuƙi 5 ba, wato sa'i 300, babu komai a kansa; da ya kai, fitarwa ta wajaba. Tsarin tunanin ɗaya ne: ƙidaya, da adadi sananne, da aikin da ke hawa kan mutum in an kai shi. Mun san wasu ba za su so a fitar da kalmar fiƙihu zuwa maganar tsutsa ba, kuma ra'ayi ne da ya kamata a saurara. In haka ne, a riƙe nisabi a matsayin misali wajen bayani, a rubuta adadin tashi tsaye a takarda.

5.5 « Adoption »

Kalma ta ƙarshe ta fi shafar masu bincike, musamman ɗalibanmu da ake ɗauka aikin tambayoyi a ƙauyuka. A bisa rabon aikatau na Parsons (1960), karɓa tana aji na biyu, karɓu tana aji na bakwai:

(4) a. Manoma sun karɓi tarko.
b. Tarko ya karɓu wurin manoma.

Jumla (4a) tana faɗin cewa an miƙa, hannu ya amsa. Ba ta ce komai a kan abin da ya faru bayan motar furoje ta tafi ba. Jumla (4b) ce ke nufin abin ya samu shiga, ya zauna. Takardar tambayoyi da ta mayar da « avez-vous adopté » zuwa ka karɓa za ta samu i daga duk wanda aka taɓa ba kyauta, kuma ladabi ma ba zai bar mutum ya ce wa baƙo a'a ba. Sai a rubuta a rahoto cewa dabara ta karɓu, alhali rabo kawai aka ƙidaya. Mafita ita ce a fasa tambayar zuwa ayyukan da ake iya gani:

(5) a. Bana ka kafa shi?
b. Wa ke duba shi da safe?
c. Yaushe aka sake ƙamshin, wa ya biya?
d. Me kuka yi da ƙidayar ta hau?

Tambaya (5b) tana buɗe wani abu da (4a) ke rufewa. Maigida ake kira taro, shi ke karɓa da sunan gandu, amma mata da samari masu gamana su ma suna da hatsi a gona, kuma sau da yawa yaro ne ake aika ya duba.

6. Abin da kalma ba ta gyarawa

Kada a ɗauka muna cewa da an gyara fassara shi ke nan. Misali daga Amurka ya isa ya hana mu wannan zato. A can akwai tsutsar saiwar masara (Diabrotica virgifera virgifera), wadda ba a same ta a Afirka ba, amma ta tsallaka Turai, inda aka fara ganin ta kusa da filin jirgin saman Belgrade a 1992. Iyayenta suna zuba ƙwai a ƙasa a ƙarshen damanarsu, tsutsar ta ci saiwa a shekara mai zuwa. Ana kafa katin ɗorawa mai danƙo a gona cikin Yuli da Agusta, a ƙidaya abin da ya manne, domin a san ko baɗi gonar na bukatar kariya. Manoman can suna karatu da harshen da aka rubuta takardun, ba su da matsalar tafinta. Duk da haka, da irin masarar Bt mai kashe tsutsar ya fito a 2003, da yawa sun gwammace su sayi kariya kowace shekara da su bi gona suna ƙidaya, har aka tarar a jihar Iowa a 2009 cewa tsutsar ta fara jure irin. Ƙidaya aiki ce mai cin lokaci, kuma ladanta ba a hannu yake ba.

A yankinmu akwai ƙarin nauyi uku. Lokacin duba ma'auni shi ne lokacin noma da maimai, sa'ad da hannu ya fi tsada, ga farantin na son ƙarin ruwa kullum. Ƙamshin tamata ba a sayar da shi a kasuwar ƙauye, don haka ranar da furoje ya rufe, ma'aunin ya mutu. Na uku shi ne mafi girma: labarin da ma'auni ke bayarwa na gari ne duka, haka ma ɗan zanzaron da aka saki ba ya sanin iyakar gona, yana bazuwa kilomitoci. Wanda ya biya da wanda bai biya ba duk sun amfana, kuma in maƙwabci ya yi feshi sai ya kashe ƙwaron da gari ya saya. Sannan labari ba ya da amfani in babu abin yi a bayansa: in ƙidaya ta hau, buhuna kuwa ba su iso ba, an dai sanar da mutum hasararsa tun da wuri.

Tanzaniya ta gwada wata hanya a farkon shekarun 2000 game da wata tsutsa mai tafiya runduna (Spodoptera exempta). Gari ne ke zaɓen masu duba, a ba su tarkon ƙamshi da ma'aunin ruwa tare, su ƙidaya kullum, su yi shela in haɗari ya matso. Wannan ya yi daidai da abin da muke da shi: akwai ƴan birgad masu kula da lafiyar shuke-shuke a ƙauyuka, akwai gonakin makaranta, akwai ƙungiyoyin manoma irin FUMA Gaskiya, akwai sanƙira da rediyon karkara. Wanda bai yi boko ba yana iya riƙe ƙidaya da ajami, ko da tsakuwa a gwangwani bakwai, ɗaya ga kowace rana.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa kalmomi biyar da aka saba fassarawa kai tsaye suna karkatar da fahimtar manomi, ɗaya daga cikinsu ma tana karkatar da ta mai bincike. Ga abin da muka kawo a madadinsu:

(6) piège de surveillance: ma'aunin ƙwari, tarkon ƙidaya
papillon de la mineuse: uwar murzuna
phéromone: ƙamshin tamata
seuil d'intervention: nisabi, adadin tashi tsaye
adoption: karɓuwa, tare da tambayoyin (5)

Waɗannan shawarwari ne na tebur, kuma kalma ba ta zama kalma sai bakin jama'a ya ɗauke ta. Aikin da ya rage na fili ne, ya kuma dace da kundin digiri na biyu: a ɗauki maganar manoma a Agye da Gazawa da Gidan Runji a kan sunayen ƙwari da matakan rayuwarsu, a kwatanta Katsinanci da Gobiranci, a ga ko akwai sunayen da suka riga suka raɗa wa faranti da buhu da ɗan zanzaro, waɗanda suka fi namu. Zai yi kyau a yi shi tare da masana ƙwari na INRAN da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, a cikin watannin Yuli da Agusta, lokacin da uwar murzuna ke tashi, domin a nuna wa mai ba da amsa ƙwaron a tafin hannu kafin a tambaye shi sunansa.